Ganyayen Miya Na Ƙasashen Asiya: Wata Kafar Samun Kuɗi A Lambunan Gidajen Abuja

Tun daga ranar 12 ga Disamba, 1991, lokacin da aka ɗauke mazaunin Gwamnatin Tarayya daga Legas zuwa Abuja, sabon babban birnin ya zama matattarar baƙi daga kowace kusurwa ta duniya. Ofisoshin jakadanci sun biyo gwamnati, kamfanonin gine-gine sun biyo kwangila, kowane baƙo kuwa ya zo da irin cimar da ya saba da ita a gida. Wannan ne ya buɗe wata 'yar kasuwa da ba kowane ɗan kasuwa ne ya farga da ita ba, wato kasuwar ganyayen miya na ƙasashen Asiya, waɗanda mai ƙaramin fili a bayan gidansa zai iya nomawa, ya ci da iyalinsa, ya kuma sayar.

Dangantakar jakadanci tsakanin Nijeriya da ƙasar Sin ta faro ne ranar 10 ga Fabrairu, 1971, amma a cikin shekaru ashirin da suka shige ne Sinawa suka yawaita a Abuja. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin shi ne ya shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 186 daga Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, da layin jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a 2018, da kuma sabon ɓangaren filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da aka ƙaddamar a ƙarshen shekarar. Baya ga Sinawa, akwai Indiyawa, da mutanen Koriya, da Japan, da Indunisiya, da Filifin, da ke aiki a ofisoshin jakadanci, da asibitoci, da otal-otal, da kamfanoni. Har wa yau gidajen abinci irin na Asiya sun yawaita a Wuse II, da Maitama, da Jabi, kuma da yawa daga cikin masu cin abinci a can 'yan Nijeriya ne.

Irin ganyayen da ake magana

Na farko shi ne bok-coi, ɗan gidan su kabeji, mai farin kara ko kore mai kauri da ganye mai kama da cokali. Ba ya dunƙule kai kamar kabeji, kuma yana isa cira cikin kwana 35 zuwa 45 daga ranar shuka. Na biyu shi ne kabejin Sin mai dogon kai, wanda mutanen Koriya ke jiƙawa da gishiri da barkono su yi abincinsu na kimci. Shi yakan ɗauki kwana 60 zuwa 80. Sai coi-sam, wanda ake cin karansa tare da ɗan furensa mai ruwan ɗorawa, yana kuma nuna cikin kwana 30 zuwa 40. Akwai kai-lan mai kauri da ɗan ɗaci, wanda ke kai wa wata biyu.

Wasu daga cikin ganyayen ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa, sunansu ne kawai ya bambanta. Abin da mutanen Kudu maso Gabashin Asiya ke kira kankon, ɗan uwan dankali ne mai yaɗo, kuma danginsa na fitowa da kansa a tafkuna da fadamun Arewa, inda aka san shi da furen gadu. Masu iya magana sun ce a rashin sani kaza ta kwana a kan dami. Hulba, wadda ake sayar da 'ya'yanta a shagunan magungunan Musulunci, Indiyawa na cin ɗanyen ganyenta, suna kiransa meti, kuma ana yankansa cikin mako uku zuwa huɗu. Jan alayyafon Sin ɗan uwan alayyafonmu ne, haka kuma ganyen nan mai yauƙi da Yarbawa ke kira amunututu asalinsa daga Asiya yake.

Sai dai akwai hattara game da kankon. Kada mai lambu ya je bakin rafi ya tsinko duk wani yaɗo mai kama da shi, domin duman kada, wanda shi ma danginsu ɗaya, yana da guba da ke cutar da dabbobi. Bugu da ƙari, wanda ya tsiro a ruwan kwata ba ya ciwuwa. Abin da ya dace shi ne a nemi irin da aka tanada don shuka.

Inda mai lambun gida ya fi babban manomi

Mafi yawan kabeji, da latas, da karas, da koren wake da ake sayarwa a kasuwannin Wuse, da Garki, da Utako, da kasuwar manoma ta Maitama, daga Jos da kewayenta ake kawo su, wasu kuma daga fadamun Zariya da Kano. Dalili kuwa shi ne tudun Jos ya haura mita 1,200 daga doron teku, alhali birnin Abuja bai kai rabin haka ba, saboda haka sanyin da dangin kabeji ke so ya fi samuwa a can. Amma tsakanin Jos da Abuja akwai tafiyar fiye da kilomita 250, a motocin da ba su da na'urar sanyaya kaya.

Kabeji mai dunƙulallen kai yana jure wannan wahala, domin in ganyen waje ya lalace sai a ɓare shi. Bok-coi da coi-sam da kankon ba su da wannan sulke. Ganyensu sirara ne, ruwa ya fi kashi 90 cikin 100 na nauyinsu, in aka cire su aka bar su a zafi sai su yi yaushi kafin yini ya ƙare. Mai dafa abinci a otal kuwa ba ya sayen ganyen da ya lanƙwashe, domin ana ɗan soya su ne sama-sama na 'yan mintoci, abin da ake nema a cikinsu shi ne ƙarmas-ƙarmas ɗin nan na sabon ganye. Don haka wanda zai cira da asuba a Kubwa, ko Lugbe, ko Gwarimpa, ko Kuje, ya isar da kaya kafin hantsi, yana da abin da babu dillalin da zai iya kawowa daga nesa. Kusanci shi ne jarinsa na farko.

Tsadar sufuri ta ƙara wa wannan lissafi ƙarfi. Bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin darajar Naira a watan da ya biyo baya, farashin kayan abinci ya yi tashin gwauron zabi, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin 100 a watan Yunin 2024. A wannan shekarar ce uwargidan Shugaban Ƙasa, Sanata Oluremi Tinubu, ta gudanar da gasar ƙarfafa wa kowane gida ya yi lambu, kiran da ya tuna wa dattawa shirin ciyar da ƙasa na OFN da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar a 1976.

Kowane ganye da lokacinsa

Babban kuskuren da ke cinye jari a wannan sana'a shi ne shuka ba a kan lokaci ba. Bok-coi ya fi yin kyau a yanayin da zafi ke tsakanin digiri 15 da 25 a ma'aunin Selsiyos. Kabejin Sin ya fi shi tsanani, domin in zafi ya wuce digiri 25 kansa ba ya ƙulluwa sosai, bakin ganyen yana ƙonewa, cikinsa kuma yana ruɓewa. A Abuja irin wannan sanyi ba ya samuwa sai da hunturu, daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, lokacin da dare ke yin sanyi ko da rana ta yi zafi. Wannan shi ne lokacin bok-coi, da kabejin Sin, da kai-lan, da hulba.

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu bazara kan kama, zafin rana yakan haura digiri 35. A nan dangin kabeji kan tsaya da girma, su yi ɗaci, wasu su fitar da kara da fure tun ba su kai munzali ba. Wanda ya nace zai noma su a wannan lokaci sai ya yi musu rumfa da ragar inuwa, ya kuma nemi irin da aka ƙirƙira don ƙasashe masu zafi. Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Duniya, wadda aka kafa a Taiwan a 1971, ta daɗe da fitar da irin kabejin Sin mai jure zafi, kamfanonin iri na Asiya su ma suna da nasu. Mafi sauƙi shi ne a juya ga kankon, da jan alayyafo, da amunututu, waɗanda zafi ke ƙara musu ƙarfi muddin akwai ruwa.

Damina a Babban Birnin Tarayya takan fara daga Afrilu zuwa Oktoba, ruwan da ke sauka a shekara kuma yana tsakanin milimita 1,100 da 1,600. Wannan lokacin kankon ne: ana fara yankansa bayan kwana 25 zuwa 30, in aka bar masa gaɓa biyu ko uku a gindi zai sake tofowa, a riƙa yanka duk bayan mako biyu zuwa uku. Coi-sam ma yana yi da damina, sai dai a ɗaga masa kunya sosai don kada ruwa ya kwanta a gindinsa, domin laima ce ke kawo ruɓewa da cututtukan ganye. Mai lambun da ya tsara shekararsa haka ba zai rasa abin kai wa abokan ciniki ba a kowane wata.

Gyaran ƙasa da shuka

Ƙasar mafi yawan sababbin unguwannin Abuja jar ƙasa ce da motocin gini suka danne, sau da yawa haɗe da ɓaraguzan siminti. Dole a sassauta ta har zurfin taƙi ɗaya da rabi, a tsince duwatsu, a cakuɗa ta da takin gargajiya. Kashin kaji yana samuwa a gidajen gonar Kuje da Gwagwalada, amma ɗanyensa yana ƙone saiwa, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta. Sai an tara shi ya ruɓe na tsawon makonni shida ko fiye kafin a zuba. Ƙaiƙayin shinkafa yana taimakawa wajen sassauta ƙasa mai tauri. Wanda ke zaman haya, ko wanda aka shafe tsakar gidansa da siminti, zai iya amfani da buhuna, ko bokitai, ko akwatunan katako da aka huda ƙarƙashinsu, domin saiwar waɗannan ganyaye ba ta nutsewa da nisa.

Irin bok-coi ƙanana ne ƙwarai, giram ɗaya yakan ƙunshi ƙwaya 300 ko fiye. Ana yafa shi a fangalin reno, a rufe da ƙasar da ba ta wuce kaurin santimita ɗaya ba, yakan tsiro cikin kwana uku zuwa biyar. In ya yi ganye uku ko huɗu, wato bayan mako biyu zuwa uku, sai a dasa shi da yamma, a bar tazarar santimita 20 tsakanin gindi da gindi. Kankon da hulba da alayyafo kai tsaye ake shuka su, ba su bukatar dashe. Wurin ya zama yana samun hasken rana na aƙalla sa'o'i biyar, a kuma rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa don ta riƙe danshi.

Ga misalin lissafi. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 10 zai ɗauki gindi 250 a kan wannan tazara. In mai lambu ya yi hankali ya ware kashi ɗaya cikin biyar don asara, saura 200. Dashen yakan yi kimanin mako huɗu a fangali, a ƙara mako ɗaya na gyara da hutu. Ke nan mai fangali biyar da ke dasa ɗaya kowane mako zai riƙa cire ɗaya kowane mako. Da rani kowane fangali zai sha lita 50 zuwa 60 a rana, wato jarka biyu zuwa uku. Wanda ke da ruwan famfo ko rijiyar burtsatse wannan ba komai ba ne a wurinsa, amma wanda ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ya kamata ya ɗauki alƙalami tun kafin ya ɗauki fartanya, domin kuɗin ruwa kaɗai zai iya lashe ribar. Don cin gida kuwa, fangali mai mita biyu ko uku ya wadatar.

Matsalar iri

Kusan duk irin bok-coi da kabejin Sin da ake samu a Nijeriya daga waje ake shigo da shi, saboda haka farashinsa yana bin farashin kuɗaɗen waje. Mafi yawansa kuma haɗaɗɗen iri ne, mai alamar F1 a jikin fakiti, wanda in aka ajiye 'ya'yansa aka sake shukawa ba ya ba da amfani irin na farko. Coi-sam na gargajiya yana yin 'ya'ya a ƙasa mai zafi, ana iya ajiye irinsa, kankon da amunututu kuma ana iya dasa su daga yankan kara. Zafi da laima suna kashe iri da wuri, don haka a sayi kaɗan-kaɗan, a duba ranar da aka rubuta a fakiti, a adana a rufaffiyar kwalba a wuri mai sanyi.

Ya kamata a sani cewa shigo da iri daga waje, ko da a aljihun jaka ne, yana bukatar izinin Hukumar Killace Tsirrai da Dabbobi ta Ƙasa, NAQS. Majalisar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, NASC, da ke Sheda a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, ita ke yi wa dillalan iri rajista. Don neman shawara akwai ofishin Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Babban Birnin Tarayya a Gwagwalada, da Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, NIHORT, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, mai reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Kamfanin East-West Seed, wanda ya gina sunansa a kan irin kayan lambu na ƙasashe masu zafi a Asiya, ya horar da manoma a jihohin Kaduna da Kano. A ƙarshen 2022 kuma ƙasar Sin ta miƙa wa Nijeriya cibiyar gwajin fasahar noma da ta gina a yankin Bwari.

Ƙwari da batun feshi

Babban abokin gaban dangin kabeji wata 'yar koriyar tsutsa ce da ke huda ganye ta mayar da shi kamar rariya. Masana na kiranta Plutella xylostella, kuma ta yi ƙaurin suna wajen bijire wa magani: tun a 1953 aka gano a tsibirin Java na Indunisiya cewa maganin DDT ya daina kashe ta. Akwai kuma wata tsutsar da ke cin tsakiyar dashe, da ƙananan ƙwari masu tsotson ruwan ganye. Tun da lambun gida ƙarami ne, rigakafi ya fi magani: a rufe fangali da lallausar raga irin ta gidan sauro tun daga ranar shuka, a riƙa duba ƙarƙashin ganye kowace safiya ana tsince tsutsa, a kuma yi feshi da ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya da aka jiƙa suka kwana. Kada a maimaita dangin kabeji a fangali ɗaya sau da yawa a jere. A riƙa sauyawa da alayyafo, ko albasa, ko wake.

Ganyen da za a ci cikin wata guda ba wurin zuba magani mai ƙarfi ba ne. 'Yan kasuwa ba su manta ba cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan sinadarin dikilobos, wanda aka fi sani da fiya-fiya, da aka samu a cikinsa. Masu sayen irin waɗannan ganyaye mutane ne masu tambayar da me aka yi feshi, da wane ruwa aka yi ban ruwa. Ciwon ciki ɗaya a teburin otal ya isa ya rufe wa mai lambu ƙofa har abada.

A nemi mai saye kafin a shuka

Alal haƙiƙa kasuwar nan ƙarama ce. Alayyafo ko yakuwa in sun yi yawa a kai su kowace kasuwa za a saye. Bok-coi ɗari biyu da ba su da mai jiransu kuwa, kasuwa a kai miki dole ce, ƙarshensu abincin awaki. Ma'aikatan kamfanonin gini suna ƙaruwa suna raguwa gwargwadon kwangila, wasu sansanonin ma suna da lambunansu. Saboda haka matakin farko shi ne a zagaya gidajen abinci, da manyan kantuna, da masu tebur a kasuwar manoma ta Maitama, a ji wane ganye suke so, wane girma, nawa a mako, da yadda suke biya. Wasu kantunan ba sa biya sai bayan makonni, wasu kuma suna mayar da abin da bai sayu ba. A fara da fangali ɗaya, a kai samfuri, a cika alkawari; mai dafa abinci ya fi son wanda zai kawo kilo biyar kowace Talata ba fashi, a kan wanda zai kawo hamsin yau ya ɓace wata guda.

Wajen cira, a yi da sanyin safiya, a wanke da ruwa mai tsabta, a jera a kwando mai iska a lulluɓe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, dabarar randa cikin randa da yashi mai danshi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jihar Jigawa har ta ci masa lambar yabo ta Rolex a 2000, tana taimakawa, musamman da hunturu da iska ke bushe.

Faɗaɗar kasuwar nan gaba ta dogara ne ga 'yan ƙasa. Kabeji da latas da karas a da abincin Turawa ake ce musu, yau babu kasuwar ƙauyen da ba a samunsu. Taliyar Indomie daga Indunisiya ta fito, aka fara yin ta a Nijeriya a tsakiyar shekarun 1990, yau tana teburin kowane mai shayi. Bok-coi yana shiga miyar taushe, da dafa-duka, da kwaɗo, kankon kuma yana maye gurbin alayyafo a kowace miya. Suna ɗauke da bitamin A da C da sinadarin ƙarfafa ƙashi, ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a rana. Mai lambun da ke ba maƙwabta ɗanɗano, yana nuna musu yadda ake dafawa, kasuwar gobe yake ginawa.

Daga ƙarshe, a lura da cewa filayen shaƙatawa da gefen tituna na Abuja suna ƙarƙashin tsarin birni, hukuma na iya share duk abin da aka shuka a kansu ba da izini ba. Lambu ya tsaya a cikin shingen gida ko filin da aka mallaka. Wanda ke son cin moriyar hunturu mai zuwa, watan Oktoba ne lokacin da ya kamata takinsa ya gama ruɓewa, irinsa ya zo hannu, ya kuma riga ya san sunan wanda zai karɓi kwandon farko.